Yawon Buɗe Ido A Bahar Rum: Tasha Daban, Gari Daban

Har zuwa shekarar 1974, wanda ya tashi tafiya Ingila daga Nijeriya yana iya zuwa Apapa ya shiga Aureol, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster, ya yi kamar mako biyu a bisa teku kafin ya sauka. Jirgin sama ya zo ya kashe wannan kasuwa, sai jiragen ruwa na fasinja suka sake sana'a. Maimakon su kai mutum wani wuri su bar shi, yanzu zagaye suke yi da shi na mako guda ko kwana goma, su kwana suna tafiya, su wayi gari a sabuwar tasha, daga ƙarshe su komar da shi inda suka ɗauko shi. Mutum ya kwance kayansa sau ɗaya a ɗaki ɗaya, ga abinci, ga makwanci, amma ya taka ƙasa uku ko huɗu. A lokacin bazarar Turawa irin waɗannan jirage suna cika Bahar Rum, kowanne ɗauke da fasinja dubu uku, dubu biyar, wani ma fiye.

Abin da takardar talla ba ta cika bayyanawa ba shi ne nisan da ke tsakanin inda jirgi yake tsayawa da garin da aka rubuta sunansa. In an rubuta Rum, to, jirgin ba ya zuwa Rum, domin birnin ba a bakin teku yake ba. Inda yake tsayawa shi ne Civitavecchia, ana faɗinsa kamar Cibitabekiya, wani gari mai tsohuwar tasha wadda Sarkin Rumawa Tarajan ya gina tun farkon ƙarni na biyu, kimanin kilomita 80 daga Rum. Haka wanda aka yi wa alkawarin Fulorans, a Liborno za a sauke shi, da sauran tafiyar kilomita kusan 90 a gabansa. Venis kuwa, tun ranar 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa tsakiyarta, saboda haka wasu kamfanoni suna rubuta sunanta a talla alhali kuwa a Rabenna ko Tiriyeste suke ɗaure jirginsu, tafiyar awa biyu ko fiye a mota.

Ga yadda lissafin ranar Rum yake. Jirgi ya iso da ƙarfe bakwai na safe, zai tashi da bakwai na yamma, an kuma ce kowa ya kasance a ciki rabin awa kafin tashi. Tashar tana da faɗi ƙwarai, har sai an ɗauki fasinja a motar safa daga gindin jirgi zuwa ƙofar fita. Daga nan sai ya taka kamar minti ashirin, ko ya biya wata safar, zuwa tashar jirgin ƙasa. Jirgin ƙasa na talakawa yana cin kamar awa guda kafin ya kai tashar San Pietro, wadda ke daf da Fadar Paparoma, ya ƙara minti ashirin ko fiye zuwa babbar tashar Termini. In aka haɗa zuwa da komowa da jira, awa huɗu sun tafi a hanya, ragowar kuwa ita ce za a raba wa birnin da masana ke cewa wata guda bai isa a gama ganinsa ba. Wanda ya ƙudura sai ya ga dandalin Kolosiyam da Fadar Paparoma da gidajen tarihinta duka a yini ɗaya, abin da zai tuna shi ne layi da haki. Wuri biyu sun isa, a kuma sayi tikitin shigarsu tun daga gida ta intanet.

Akwai ƙananan tarkuna a wannan hanya. Tikitin takarda na jirgin ƙasa sai an cusa shi a wata 'yar na'ura ta buga masa lokaci kafin a shiga, wanda bai yi ba tara ta hau kansa, kuma mai duba tikiti ba ya sauraron cewa baƙo ne. Ma'aikatan sufuri na Italiya kuma sun shahara da yajin aiki, amma kirkinsu ɗaya, sukan sanar da ranar tun da wuri, don haka matambayi ba ya ɓata.

Duk wannan lissafi ya zama dole ne saboda wata ƙa'ida guda. Kamfanin jirgi yana sayar da nasa yawon, da motarsa da ɗan jagoransa, kuma sau da yawa kuɗinsa ya ninka abin da mutum zai kashe in ya tafi da kansa har sau uku ko huɗu. Abin da ake saye da wannan ƙari shi ne alkawari: in motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutanen tasha ta gaba. Wanda ya fita da ƙafarsa ya makara kuwa, ba a jiransa. Kyaftin yana da lokacin da hukumar tasha ta yanka masa, ga jagoran jirage na tasha yana tsaye, ga wata tasha da ake sauraronsa da asuba. Za a kira sunan mutum a lasifika sau biyu ko uku, sa'an nan a janye tsani. Daga nan kuɗin otal da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba duk daga aljihunsa za su fito. Shi ya sa mai hankali ba ya sauka sai da takardar shirye-shiryen yini a aljihunsa, domin a jikinta ake rubuta suna da lambar wayar wakilin kamfani na wannan tasha, wanda shi kaɗai ne gatan wanda aka bari.

Ba kowace tasha ce ke buƙatar yawon kamfani ba. A Napoli jirgi yana tsayawa ne a tsakiyar gari, mutum ya sauko ya tsallaka titi ya shiga kasuwa. Kufan Pompei, garin da dutsen Besubiyo ya binne da toka a shekara ta 79, yana nan kamar kilomita 25, jirgin ƙasa yana kai mutum cikin minti arba'in da kuɗi kaɗan. Biyan kamfani a nan asara ce. Amma mai sha'awar ƙetarawa tsibirin Kapri shi kaɗai ya yi tunani biyu, domin in teku ta tashi da yamma ana iya dakatar da ƙananan jiragen da ke komo da mutane.

Daga Italiya zuwa Girka ana ƙara awa ɗaya a agogo, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Lokacin da ake aiki da shi shi ne wanda kyaftin ya sanar, ba wanda wayar hannu ta nuna ba, don ita takan sauya da kanta gwargwadon turken da ta kamo. Agogon hannu na da, mai tsinke, wanda aka daidaita da na jirgi, ya fi ta amana.

Tsibirin Santorini ne ya fi kowace tasha gwada haƙurin matafiyi, shi ne kuma ya fi kyan gani. Bakin wani dutse ne mai aman wuta wanda ya fashe kimanin shekaru 3,600 da suka wuce, teku ta cika ramin, aka bar gaɓa tsaye kamar garu, baƙa da ja, da fararen gidaje jere a samanta kamar an shanya likkafani. Manyan jirage ba su da wurin ɗaurewa a nan, sai su tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan kwale-kwale masu inji su riƙa jigilar mutane, kuma waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara sauke wa. Daga tsohuwar tasha zuwa garin Fira da ke sama, hawa ne na fiye da mita 200, hanya kuma uku ce. Akwai keken da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, mai ɗaki shida, kowane ɗaki mutum shida. Akwai matakala fiye da 580. Akwai kuma alfadarai da jakuna da ke bin wannan matakala, waɗanda tun 2018 hukuma ta hana a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100. Hawa da safe ba shi ne wuya ba. Da la'asar ne, in jirgi uku ko huɗu suka haɗu a rana ɗaya, dubban mutane ke taruwa a bakin keken igiya a lokaci guda, layi ya kai awa ɗaya ko fiye, ga kwale-kwalen ƙarshe yana tashi tun kafin lokacin jirgi. Wanda ya gaji da jira ya bi matakala, sai ya yi hankali da santsin dutse da kashin dabbobi. A 2025 gwamnatin Girka ta ɗora harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgin ruwa da ya sauka nan ko Mikonos a tsakiyar bazara, don cunkoson ya ishi mazauna tsibirin.

A Kusadasi ta ƙasar Turkiyya, abin zuwa gani shi ne kufan birnin Afisa, kamar kilomita 20 daga tasha, da titinsa na farin dutse da fuskar ɗakin karatun Selsus. Kusa da shi akwai kogon da ake dangantawa da As'habul Kahfi, ko da yake Jordan da garin Tarsus su ma suna nuna nasu, sai kuma masallacin Isa Bey na garin Selcuk, wanda aka gina a 1375. Mai tasi a yi ciniki da shi na zuwa da jira da komowa tun kafin a shiga, a kuma biya a ƙarshe. Yawo mai araha kuwa yakan ƙare ne a shagon darduma, a kawo shayi, a shimfiɗa kaya, ɗan jagora yana gefe yana jiran la'adarsa. Shan shayin bai wajabta saye ba.

Wannan tsayawa a Turkiyya tana da wata illa ga mai fasfon Nijeriya. Italiya da Girka suna cikin yankin Shengen, Turkiyya ba ta ciki, saboda haka jirgin ya fita yankin ya sake shiga. Bizar shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba, sai mai shiga da yawa. Kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa neman biza aikin fasinja ne, wanda takardunsa ba su cika ba a mayar da shi daga bakin jirgi, kuɗinsa kuma ba ya komowa. A tuntuɓi ofishin jakadancin kowace ƙasa da ke cikin zagayen kafin a biya ko kwabo. A kuma isa garin tashi kwana ɗaya kafin ranar, kada jinkirin jirgin sama ya cinye tafiyar tun ba a fara ba. Guzurin kilishi da dambun nama a bar shi gida, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje.

A cikin jirgi kuɗi ba sa yawo. Ana ba kowa kati ɗaya, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, da shi kuma ake cin bashi har ranar sauka. Abinci yana cikin kuɗin tikiti, amma lemon kwalba da intanet da ganin likita duk na biya ne, kuma yawancin kamfanoni suna rubuta wa kowane fasinja tukuicin ma'aikata na tsakanin Dala 12 zuwa 20 a kowace rana, ko ya sani ko bai sani ba. Iyali mai mutum huɗu su lissafa na mako guda su gani. Wayar hannu in aka bar ta a buɗe a tsakiyar teku takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi, mai tsadar gaske. Dutsen guga da risho da turaren wuta duk an hana su, don ba abin da matuƙa ke tsoro kamar gobara. Musulmi ya nemi abincin halal a rubuce makonni kafin tafiya, in bai samu ba ga kifi da ganye, ya kuma riƙa tambaya, domin naman alade da giya suna shiga girke-girken Turawa ta inda ba a zato. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, amma talabijin na ɗaki yana nuna taswira da inda aka dosa.

Abu ɗaya da ba a yi wa kowa uzuri a kansa shi ne atisayen tsira na ranar farko. Da daren 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya tashi daga Civitavecchia ɗin nan da mutum fiye da 4,200, bayan 'yan sa'o'i ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio ya kife a gefe, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba, don dokar lokacin ta ba da sararin awa 24. An ɗaure kyaftin ɗin, Francesco Schettino, shekara 16, aka kuma gyara doka, yanzu sai an yi atisaye kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa nan take. Alamar haɗari ita ce busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa, wurin taruwar kowa kuma yana rubuce a bayan ƙofar ɗakinsa.

Daren ƙarshe ana raba wa fasinja tambari mai launi, kowa ya ɗaura a akwatinsa ya ajiye a bakin ƙofa, ma'aikata su kwashe kafin asuba, ba za a sake ganinsa ba sai a zauren kwastan. Fasfo da magani da tufafin safiya a ware su a ƙaramar jaka, don an sha ganin wanda ya tura komai ya wayi gari daga shi sai rigar barci. A duba takardar bashi tun da dare, domin da safe layin masu ƙorafi yana da tsawo. Wanda zai sauka a Civitavecchia ya kama jirgin sama a Fiumicino kuwa, tafiyar kamar awa guda ce a mota bayan an fito daga tasha, don haka kada ya yanki tikitin da ke tashi kafin azahar.