Kwalayen Mahaukacin Kasuwarmu

Sa'ad da nake yaro a Batsari akwai wani dattijo mai yawo cikin kasuwa da kwali rataye a wuya, mu kuwa yara muna biye da shi muna yi masa eho, wai mahaukaci ne. Kasuwar Safana ma ba ya fashinta. Da tawadar allo da tsinken asuwaki yake rubutunsa, ajami a sama, boko a ƙasa, watau don almajiri da ɗan makaranta kowa ya karanta. In ya zo kan sunan ƙauyen da ɓarayin dajin Rugu suka faɗa wa, sai ya koma jan fenti, ya ƙara wa baƙaƙen girma. Haka ya rubuta 'Yargamji a 2019, haka Tsauwa da Dankar a 2020.

Da Allah ya yi masa cikawa sai aka riƙa hura wuta da kwalayen nan. Guda ɗaya tak na ceto daga hannun wata mai ƙosai, ga shi nan ƙarƙashin katifata.

Sai da na zo jami'a muka shiga nazarin ajami, sannan na gane gwani muka yi wa dariya. To, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, in gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina ya iya adana takubban sarakuna, me zai hana ya adana kukan talaka? Wanda duk ya san inda sauran suke, don Allah ya ceto su kafin damina da gara su riga mu.