Na'ura tana rubuta ƙorafinta, saura mai karantawa

1/ Jama'a, hotunan da kuka ɗora a Facebook, sakamakon jarrabawarku, tarihin kuɗin da ya shiga asusunku, duk a kan wani faifai suke kwance cikin wani ɗaki mai sanyi. Faifan nan yana tsufa, yana mutuwa. Kuma sau da yawa yakan rubuta ƙorafinsa kafin ya tafi. Zare ne, da ɗan tsawo 🧵

2/ Ni ɗan Ƙafin Maiyaki ne, kwamfuta nake karanta, yanzu ina SIWES a wani ofis a Kano. Aikin da oga ya ɗora mini shi ne kowace safiya in buɗe abin da ake kira log in karanta. Littafi ne da na'ura ke rubuta wa kanta: ƙarfe kaza an yi kaza, ƙarfe kaza abu kaza ya ƙi. Abokaina suna can suna haɗa manhaja, ni an mai da ni mai duba rasit 😅

3/ Kafin log, bari in faɗi yadda ake ajiyar. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san masara ba wuri ɗaya take zama ba. Akwai garin tuwon yau a roba kusa da murhu. Akwai buhu ɗaya ko biyu a ɗaki, na wata. Sannan akwai wadda aka kwaso daga Tudun Wada ko Doguwa da kaka, aka jibge a sito, ba za a taɓa ta ba sai damina ta yi nisa, farashi ya tashi.

4/ Haka manyan kamfanoni ke yi da bayanai, hawa-hawa. Wanda ake nema kullum yana kan SSD, mai sauri da tsada. Wanda ya kwana biyu yana kan faifai mai juyawa. Tsohon da ba a nema sai a tura shi tef. E, tef, har yau ana amfani da shi. Kaset ɗaya na LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18. Manhaja ce ke wannan jigilar da kanta, galibi cikin dare.

5/ Yanzu tambaya: a cikin ukun nan, wacce masara ce ƙwari suka fi yi wa ɓarna?

Ta sito. Ta kusa da murhu kullum hannun Inna yana ciki, ko ɗan canji ta gani. Ta sito kuwa buhu yana nan tsaye ƙyam, a cike, sai ranar sayarwa a farke a tarar rabi ya koma gari. Amma ai alama ta fito tuntuni, ɗan farin gari a gindin buhu. Ba wanda ya leƙa ne kawai.

6/ Log shi ne garin nan na gindin buhu. A ofishin da nake, allon da manya ke kallo kore shar yake, wato lafiya lau. A cikin log kuma layi ɗaya yana ta maimaita kansa kowane dare kusan sati uku: aikin kwashe tsofaffin fayiloli zuwa tef ya tsaya a hanya. Ba wanda ya yi ƙorafi, don ba wanda ya nemi tsohon fayil. Hawan tsakiya kuwa yana ta cika a hankali.

7/ Da na nuna wa oga, bai ce komai ba, ya ja kujera kawai. Ashe na'urar tef ɗin ce take neman a sa mata kaset ɗin goge kai, kuma ta faɗa tun daren farko. Ƙurar Kano ba ta bar kowa ba.

8/ Kada ku ce halin ofisoshinmu ne na Najeriya. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Aka ce to a ɗauko ajiya ta biyu. Sai aka tarar aikin kwafin ya daɗe ba ya yi. Na'ura tana aika imel ɗin gargaɗi, amma ana mayar da saƙon a hanya, bai taɓa isa gaban mutum ba. Suka yi asarar bayanan kusan awa shida.

9/ Gaskiya dai log ba boka ba ne. A 2007 injiniyoyin Google suka fitar da bincike a kan faifai sama da 100,000. Faifan da ya nuna kuskuren farko a duban samansa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Amma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi ba sam. Shi ya sa karanta log bai ɗauke maka ajiya ta biyu ba.

10/ Abin da ya fi ba ni wahala shi ne surutu. Na'ura ba ta san yin shiru ba. Tsarin syslog ya kasa saƙo mataki takwas, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na 'yan bin diddigi. In ka ce komai a turo maka a waya, kwana uku za ka daina dubawa, kamar dandalin 'yan ajinmu na WhatsApp. In ka ce sai 0 da 1 kaɗai, ƙaramin gargaɗi irin na tef ɗin nan ya wuce ka. A ganina a nan ƙwarewar take, kuma ba na jin ana ba ta muhimmanci a aji.

11/ Abu biyu da oga ba ya wasa da su. Na ɗaya agogo: in aka ɗauke wuta, na'ura ɗaya ta tashi da lokacin da ba daidai ba, ba za ka iya jera abin da ya riga wani faruwa ba. Na biyu, ba a barin log a cikin na'urar da ake gadi kaɗai. In ta mutu, ta tafi da shaidarta. In ɓarawon intanet ne ya shiga, shi zai fara sharewa.

12/ In kuna ganin abin ya yi muku nisa, ku tuna JAMB ta 2025. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a watan Mayu ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, dole suka sake zama. Mu da muke waje, daga koken ɗalibai da iyaye muka fara jin labari, bayan sakamako ya riga ya fita.

13/ Kai mai rubuta furojet a tsohuwar laftof ta hannu, kai ma kana da log. A Windows rubuta eventvwr, shiga System, nemi layukan da tushensu ya ce disk. Ko ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. In ta nuna maka rawaya, kwashe babi-babinka zuwa filasha da Google Drive yau ɗin nan. Sannan ka buɗe kwafin a wata na'urar daban ka tabbatar yana buɗuwa.