Kano a Waya, Kano a Ƙasa

Jirgin da ya ɗauko mu daga Alƙahira bai kai awa biyar a sama ba. Fasinjojin kuwa irin waɗanda aka saba ne: ɗaliban Azhar masu komawa gida yin Sallah, 'yan kasuwa da jibga-jibgan jakunkunan abaya, da dattawan da suka je ganin likita, 'ya'yansu na rungume da takardun asibiti. A goman ƙarshe na azumin 2025 ne, bazara ta kankama, kuma tun daga matakalar jirgi a filin Malam Aminu Kano zafin ya yi mana maraba.

Na jima ban zo ba, amma Bakanon da ke zaune a waje yanzu ba ya rasa labarin gida. A Madinatu Nasr, inda da yawanmu muke haya, ba wuya ka ji shirin Inda Ranka na tashi daga wayar wani da daddare, ko ka tarar an zagaye kwamfuta ana kallon Labarina. Lokacin da aka fara rusau a Kano a watan Yunin 2023, mun ga shagunan Filin Idi da gine-ginen Daula suna zubewa tun ƙurar ba ta lafa ba. A gidan gahawa muke zama mu rabu gida biyu, masu jar hula da abokan hamayyarsu, a yi ta musu har Misirawan teburin kusa su juyo suna kallonmu. Kanon da na taho da ita a kaina ke nan: gadoji, rusau, da sarakuna biyu.

Ƙanena ne ya zo ɗaukata. Maimakon ya bi Titin Katsina ya faɗa Ƙofar Ruwa mu wuce gida, sai ya ce, "Yaya, bari mu ɗan zagaya ka ga gari." Muka hau doguwar gadar Titin Murtala Muhammad da ta ratsa gefen Kasuwar Sabon Gari, muka biyo ta Ƙofar Nassarawa, muka tarar da aikin gadar Ɗan'agundi ana ta haƙa, motoci na ratse. Ba zan rage wa gadojin nan komai ba. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a 'Yankura da azahar, mai na ƙonewa, gumi na zuba, ya san an yi aiki. Gwamnati uku a jere, ta Kwankwaso da ta Ganduje da ta Abba Kabir Yusuf, ba su haɗu a kan komai ba sai a kan gada.

Amma idan kana saman gada, leƙa ƙasa. Rawayar adaidaita sahu ce iya ganinka. Tun watan Janairun 2013, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, birnin miliyoyin mutane ya koma tafiya a kan taya uku. Alƙahira ma ta kamu da ciwon gada, har tsofaffin kaburburan Ƙarafa aka rushe don a fitar da hanya, abin da masu kishin tarihi a can ba su yafe ba. Sai dai Alƙahira tana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, tana da manyan motocin haya, talaka yana da abin hawa. Mu gadar muka ɗauko, muka bar bas. An sha yi mana alƙawarin jirgin ƙasa na cikin gari, har yau a takarda yake. Litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Shi ya sa da sassafe za ka ga layin mutane a gefen titi suna sayyada, ma'aikata da leburori da yara 'yan makaranta. Wannan ba a ɗaukarsa a bidiyo a turo mana.

A gida, bayan an sha ruwa an yi gaishe-gaishe, na tashi zan yi alwala na nufi famfon tsakar gida. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ai ado ne. Ɗauki buta, ga jarka can." Tun kafin asuba ƙarar kurar 'yan garuwa ke tashin mutum. Mai hali ya haƙa burtsatse, ya ɗora tanki, in yana da tsoron Allah ya fito da kan famfo ɗaya bayan katanga ya zama sadaka. Marar hali yana sayen ruwa jarka-jarka, kuma idan ka lissafa na wata, shi ya fi kowa biya da tsada. Wuta ma haka: farantan sola a kan rufin da ya samu, fitilar caji a gidan da bai samu ba. A bakin lungunmu an sa ƙofar ƙarfe, ana karɓar kuɗin 'yan sintiri duk wata. Da za mu fita tarawihi na ciro waya zan amsa kira, ƙanena ya dafa hannuna ya ce, "Yaya, mayar da ita aljihu, sai mun shiga masallaci." Fashin waya ya canja yadda mutane ke tafiya a titi. Kowane gida ya zama ƙaramar hukumar kansa, shi ne ruwa, shi ne wuta, shi ne tsaro. A wurina wannan ya fi kowace gada girma a cikin abubuwan da suka sauya, kuma don ya zo a hankali ba wanda ya yi masa bikin buɗewa.

Sallah ta zo ba hawa. 'Yan sanda sun hana, saboda rikicin sarautar da ya taso a watan Mayun 2024, lokacin da aka soke dokar masarautu ta 2019 aka mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya zauna a fadar Nassarawa, maganar tana kotu. Ba Hawan Daushe, ba Hawan Nassarawa. Abin takaicin shi ne a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mun yi ta taya juna murna a Alƙahira, na zo gida na tarar da dawakai a turke. Masu ɗinkin kayan doki da masu naɗin rawani da masu sayar da ƙanƙara a bakin hanya su suka biya kuɗin wannan rigima.

Tun da ba kallo, sai na taka da ƙafa na bi badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, ƙarni na 12. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, wadda ake gani yanzu sabuwa ce. Inda muke hawa muna yara mu hango Dala da Goron Dutse, wani wurin ya zama juji, wani an yanke ƙasar an yi gini, wani kuma kango ne na rusau, ba gini ba ganuwa. Kududdufan da ke bayanta yawanci an cike su. Ƙazanta ce da sauro, gaskiya ne, amma nan ruwan sama yake sauka. Da aka toshe masa hanya sai ya nemi wata. 'Yan Kantin Kwari ba za su manta ambaliyar watan Agustan 2022 ba, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda.

A nan ne Alƙahira ta fi tsaya mini a rai. Gabas da Masallacin Azhar akwai wani tudu da aka shafe ƙarnuka ana zuba masa shara da ɓaraguzai. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi, aka mayar da wurin lambun shaƙatawa da aka buɗe a 2005. Garin haƙa aka tono ganuwar zamanin Salahuddin mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, aka gyara ta, aka koya wa matasan unguwar Darbul Ahmar sana'ar sassaƙar dutse. A ƙarƙashin lambun kuma akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin. Ranar Juma'a iyalai ke cika wurin da tabarmi da abinci. Mu tamu ganuwar ba sai an tono ta ba, tana tsaye ana cin ta.

Kasuwa dai Kano ba ta gaji ba. Shoprite ta tattara ta bar Ado Bayero Mall a farkon 2024, amma Singa da Kwari da Farm Centre sai ka yi da gaske kafin ka kutsa. Ko mai gurasa ya iya cewa "turo ta waya", mai POS kuma yana ƙarƙashin kowace lema. 'Yan matan gidanmu suna sayar da turaren wuta da yaji ta WhatsApp, ɗan aike a babur yana kai wa har Hotoro. Kurmi ce na tarar ta yi sanyi, masu sayar da kayan fata suna gyangyaɗi.

Kafin in koma, wani ɗan'uwa ya matsa sai ya kai ni ganin fili a hanyar Gwarzo, can gaba da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Gonakin da na sani na dawa da gyaɗa an yanka su awon igiya, turaku a jere. Dillalin ya ce, "Alhaji, ka saya ka ajiye kawai, 'yan waje duk nan suke zuba kuɗi." Na tambaye shi ina aka bar wa makaranta, ina magudanar ruwa, ina motar kashe gobara za ta bi. Ya nuna mini wata 'yar siririyar hanya da adaidaita biyu ba za su gifta juna a cikinta ba. Da kuɗinmu na riyal da dala da fam ake tsawwala farashin nan, har malamin firamare ya daina mafarkin mallakar gida a garinsu.

Don haka 'yan'uwa mazauna Alƙahira da Jidda da Landan, idan dillali ya turo muku hoton fili, ku nemi takardar tsarin unguwa kafin ku tura ko sisi. Waɗanda ke gida kuma, masu neman ƙuri'ar 2027 suna nan tafe da hotunan gadoji. Ku tambaye su ranar da ruwa zai dawo famfo, da ranar da bas zai fara tashi daga Kurna zuwa Kabuga.