DAGA UNGUWAR MALAM INNA: ME YA SA WANI GARI KE GABA, WANI NA BAYA?

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Kwanan baya na tashi daga Kano zuwa Gombe domin in gai da wani dattijo, aminin mahaifina, wanda ke zaune a unguwar Malam Inna. Motarmu ta bi ta Darazo, ta nufi Dukku. Da muka iso bakin kogin Gongola sai direba ya nuna wani ɗan gari, ya ce, "Ga Gombe Abba nan." Na leƙa ta taga, amma kafin in gyara zama har mun wuce shi. Da la'asar muka shiga ɗaya Gomben, watau babban birnin jiha, inda motoci da babura suka cushe hanya, ga bankuna, ga benaye, ga jama'a kamar ƙasa ta tsage.

To, mai karatu, ga garuruwa biyu masu suna ɗaya, na farkon kuwa shi ne uban na biyun. Me ya sa ɗan ya yi wa uban nisa haka? Wannan tambaya ita ce na kwana da ita, ban kuwa san cewa a ƙofar gidan mai masaukina zan sami bakin zarenta ba.

Malam Inna unguwa ce da ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004. Sabo da haka ɗalibai sun cika ta, masu gidaje sun yanka ɗakuna suna ba da haya, masu shayi da masu sayar da abinci ba su rasa ciniki. In ka tsaya a bakin titi minti goma za ka ji Hausa da Fulatanci da Teranci da Tangalanci da Bolanci da Barbarci. Mai masaukina ya ce sa'ad da ya sayi filinsa, daga ƙofar gidansa gonakin dawa ya ke hange. Yau ba abin da ido ke kai wa sai kwanon rufi.

Bayan sallar isha'i muka zauna a tabarma tare da waɗansu ɗalibai da ke haya a gidan. Hira ta kai ga halin da ƙasa ke ciki, sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ni dai na sallama. Turawa da mutanen Sin Allah ya ba su kai, mu kuwa haka aka halicce mu, a baya za mu tabbata."

Dattijo ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, ka taɓa zuwa Gombe Abba?" Ya ce bai taɓa ba. Dattijo ya ce, "Can ne asalinmu. Kakana ya biyo Sarki ya zo nan, ƙanensa ya zauna can yana noma. Jikokin wannan sun sami makaranta da asibiti a bakin ƙofa, jikokin wancan sai sun yi tafiya. Uwa ɗaya uba ɗaya suka fito. To, gaya mini, wane ne Allah ya ba kai, wane ne ya hana?" Yaro ya yi shiru.

Lalle ruwa ba ya tsami banza. Bari mu bi tarihin daki-daki. Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe, ya kuma zaunar da ita a Gombe Abba, bakin Gongola. Ya rasu a 1841, kabarinsa na can har yau. A wancan zamani wurin ya dace ƙwarai: ga ruwa, ga makiyaya, ga tsaro. Amma da Turawa suka ci ƙasar, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, sai ma'aunin ya sake. Su abin da ya dame su shi ne inda kayansu za su iso. Da damina, in Gongola ta cika, jiragen ruwa na iya haurowa daga Binuwai har Nafada. Don haka a 1913, zamanin Sarki Umaru Kwairanga, aka mai da hedkwata Nafada. Ba a daɗe ba kuma, a 1919, aka sake ɗauke ta zuwa Doma, domin ta fi kusa da ƙasashen Tangale da Waja waɗanda Turawa ke son sa wa ido. Doma ɗin nan ita ce Gomben yau.

Abin lura a nan shi ne, sabon garin ba shi da kogi. In da ruwa kaɗai ke raya gari, da Gombe Abba da Nafada sun fi shi. Mutanen Gombe sun daɗe suna fama da ƙishi, ruwan famfon da su ke sha yanzu ma daga madatsar Dadin Kowa a ke jawo shi. Amma garin ya sami waɗansu abubuwa uku. Na farko, mulki: inda Sarki da En'e da Razdan ko Di'o suka zauna, nan baitulmali da kotu da makaranta da asibiti za su zauna. Na biyu, ƙasa: kudancin masarautar, wajen Akko da Kumo da Deba, yana da baƙar laka wadda auduga ke so. Na uku, hanya: titunan mota daga Bauci da Yola da Biu da Potiskum suka haɗu a nan, sa'an nan a 1963 jirgin ƙasa ya iso, kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri.

Da waɗannan uku suka haɗu sai baƙi suka yi ta kwararowa daga Kano da Barno da sauran wurare, suna sarar daji. Manoma suka rungumi garmar shanu. A 1956 kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza, har yau kuwa akwai unguwa mai wannan suna. Wata Baturiya mai bincike, Mary Tiffen, ta rubuta littafi a 1976 game da himmar manoman Gombe, inda ta nuna yadda kudancin masarautar ya tsere wa arewacinta. A 1975 Gombe na cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gusau, da aka fara shirin bunƙasa aikin gona da taimakon Bankin Duniya. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Jihar Bauci, ma'aikata suka dawo gida da iyalansu, gari ya fashe ta kowace kusurwa. Malam Inna ɗaya ce daga cikin 'ya'yan wannan fashewa.

Ba Gombe kaɗai ba ce. Kukawa ta yi zamani tana fadar Shehun Barno, amma tun da aka koma Yerwa a 1907 sai Maiduguri ta ɗauke hasken. Zungeru ta riƙe mulkin Arewa duka, da aka koma Kaduna a 1917 sai ta koma ƙaramin gari. Timbuktu, wadda malamanta suka shahara har Misira, ta dusashe bayan harin Maroko na 1591, da kuma juyawar ciniki daga raƙuman Sahara zuwa jiragen teku. A duk waɗannan wurare mutanen ba su sake ba. Hanya ce ta kauce, ko mulki ya tashi.

In muka ɗaga ido muka dubi duniya, haka al'amarin ya ke. Tun a 1377 Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa yanayin ƙasa da haɗin kan jama'a da adalcin masu mulki su ke ɗaga al'umma, zalunci kuwa shi ke rushe ta. A 1997 wani masani ɗan Amurka, Jared Diamond, ya kawo hujja cewa daga cikin manyan dabbobi 14 da ɗan Adam ya iya horarwa tun zamanin da, 13 a Asiya da Turai da gefensu aka same su. Haka alkama da sha'ir, waɗanda aka fara nomawa a Gabas ta Tsakiya wajen shekara 10,000 da suka wuce, suka bazu gabas da yamma cikin sauƙi domin yanayin ya yi kama da juna. Mu nan kakanninmu na Afirka su suka horar da gero da dawa, mutanen Nok kuma sun narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma ƙudan tsando ya hana doki da saniya zama a kurmi, Sahara kuma ta sa kowane sabon ilmi sai ya sha doguwar tafiya kafin ya iso.

Sai dai kada a ɗora kome a kan ƙasa da yanayi. Koriya ta Arewa da Koriya ta Kudu jinsi ɗaya ne, harshe ɗaya, an raba su ne kawai a 1945, amma yau tazarar arzikinsu kamar sama da ƙasa. Irin wannan misali ne Daron Acemoglu da James Robinson suka kafa hujja da shi a littafinsu na 2012, cewa tsarin mulki da doka su ne kan gaba. A 2024 aka ba su lambar Nobel tare da Simon Johnson. Watau dai ƙasa na ba da dama, hanya na kawo baƙo da ilminsa, amma mulki ne ke riƙe abin da aka samu ko ya zubar.

Da gari ya waye mai masaukina ya ce, "Zo in nuna maka abin da ke hana mu barci." Muka taka zuwa bakin kwarin da ya ratsa daga wajen jami'a, ta Malam Inna, zuwa Kagarawal. Gombe tana zaune cikin kwari ne a kan ƙasa mai rairayi. Da aka sare itatuwa aka rufe gonaki da kwano da siminti, ruwan sama ya rasa inda zai nutse, sai ya tattaru ya yi ta cin ƙasa, yana haɗiye gidaje. Gwamnatin jiha, da taimakon Bankin Duniya, ta ɗaure wannan kwari da kankare, jama'a sun sami sauƙi. Amma na ga inda aka mai da magudanar juji, leda da shara sun taru. Dattijo ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, gwamnati ta gina, mu muna cikewa. In ruwa ya zo ba zai tambayi laifin wa ba."

Nan na gane cewa abin da ya ɗaga Gombe ba gado ba ne da ba ya ƙarewa. Jirgin ƙasan da ya iso a 1963 ya daɗe da daina zirga-zirga kamar da. Auduga ta ja baya tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe. Abin da ya rage a hannu shi ne kasuwar hatsi, da zaman hedkwata, da kuma yaran nan da suka cika ɗakunan haya na Malam Inna da littattafai. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ke shakka ya je Nafada ya tambaya.

Ran da zan tafi ɗalibin nan ya raka ni tasha. Ya ce, "Yaya, in an yi hutu zan je Gombe Abba in gani da idona." Na ce masa gani ya kori ji, amma in ya je kada ya raina mutanenta, ya tambayi abin da aka ɗauke musu, ya kuma tambayi kansa abin da zai hana a ɗauke wa garinsa. Al'ummar da ta yarda cewa a baya aka halicce ta ba za ta share ko magudanar ƙofar gidanta ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.