Ni Da Kunun Kanwa

Sati biyar da haihuwar ɗana na fari likita ya shaida mini cewa zuciyata ta buɗe, namanta ya saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Kafin nan ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ba na iya barci sai na jingina da matasai uku, ga tarin dare. Duk wadda ta zo barka a gidanmu da ke Sabon Ibadan cewa take yi gajiyar jego ce. Hoton zuciya kuwa ya nuna kashi 30 cikin 100 na jinin da ke ɗakinta na hagu kawai take fitarwa a kowane bugu, alhali lafiyayyar zuciya kan fitar da fiye da rabi.

Wannan ciwo na zuciyar mai jego ba baƙo ba ne ga Bahaushiya. A shekarar 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa binciken da suka yi a Zariya, inda suka ga yana kama kimanin mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sun ɗora alhakin a kan wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wuta ƙarƙashinsa da kuma kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Kano suka gano cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Ke nan ba a gama shari'ar kanwa ba, kuma ba na jin daɗin yadda wasu 'yan boko ke gaggawar kiran iyayenmu jahilai. Sai dai abu guda ba shi da jayayya: kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, raunanar zuciya kuwa ba ta iya ɗaukar wannan kaya.

A nan gizo yake saƙar. Inna ta taso tun daga Zariya da ƙullin ungurnu da garin gero. Da na faɗa mata hukuncin likita, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sa'an nan ta ce, "Ku tara na haifa, da wannan kunu na yi jegonku. Yau shi ne guba?" Na ce, "Inna, zuciyarki ta ɗauka, tawa ce ta kasa." Ba ta amsa ba. Washegari ta dama kunun tsamiya, ta kuma sirka mini ruwan wanka da hannunta. Har yau ban san ko ta gamsu ba.

Sauran sauye-sauyen sun fi sauƙin faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, ni kuwa an ce in yi ƙasa da haka. Dunƙulen miya ya bar tukunyata, daddawa da tafarnuwa da citta da masoro suka maye gurbinsa. Makon farko miyar kuka lami na ji ta, daga baya harshe ya saba. Kilishi da tsire sai dai ƙanshi, ga shi kuwa a Sabo ba a tsere wa ƙanshin tsire. Kowace safiya nakan hau sikeli, domin ƙarin kilo 2 cikin kwana uku alama ce ta taruwar ruwa. Maganin fitar da ruwan yakan hana ni zaman lacca ta awa biyu, don haka kujerar bakin ƙofa ta zama tawa. Da yamma ina takawa a hankali, minti goma da farko, yanzu ashirin da biyar.

Abin da ke hana ni barci shi ne maganar ƙani ko ƙanwa. Likita ya ce wasu matan zuciyarsu takan farfaɗo cikin wata shida, wasu kuwa ba ta komawa daidai, kuma idan ba ta koma ba, wani cikin yana iya zama ajali. Maigidana ya ji wannan da kunnensa, ya ce lafiyata ce gaba. Danginsa ba su ji ba tukuna, kuma na san ranar yaye za a fara tambaya. Saura sati bakwai a sake ɗaukar hoton.