Filin da Na Saya ta Waya

Duk ɗan garinmu Toumboutou ya san ba a yanke wa gona hukunci da rani. Sai an jira Agusta da Satumba, kogin Kwara ya cika ya batse, a ga inda ruwa ke kwana. Da wannan sanin na tashi, kuma ni da kaina na take shi.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin hanya, kaya ya koma ƙetarewa a kwale-kwale. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren gadar ba. Tsoro ya kama ni. Na ce garin da ke cin abinci da iyaka ba wurin binne kuɗi ba ne, gara in kai ɗan abin da na tara na albasa kudu.

Na zaɓi Abomey-Calavi, maƙwabciyar Kwatano, fiye da kilomita 700 daga gida. Lissafin bai da laifi: ga jami'a, ga ma'aikatan da hayar Kwatano ta koro, gari sai faɗaɗa yake yi. Wani dillali ya turo mini hotuna ta WhatsApp, fili shimfiɗe, busasshe, da turakun siminti a kusurwa huɗu. Na biya. Cinikin biri a sama ke nan.

A watan Yuni na je, lokacin da damina ke kankama a wurinmu, alhali can ruwa ya fara tun Afrilu. Turaku biyu kawai na iya gani. Sauran suna ƙarƙashin ruwan da ya kai mini gwiwa, maƙwabta sun jera katako suna takawa zuwa ƙofofinsu. Wani dattijo da ke kallona ya ce ta bakin tafinta, "Alhaji, kowace shekara haka yake. Da ka tambaye mu, ai da mun faɗa maka."

Maganarsa ta fi ruwan yi mini ciwo. Dillalin bai yi mini ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba. Na yi nazarin gari sosai, na manta fili nake saye, kuma ba ni da mutum ko ɗaya a can da zai ji kunyar idona. Takardar hannuna ma yarjejeniyar ciniki ce kawai, ba takardar mallaka ta hukumar filaye ANDF ba, wadda dokar filaye ta 2013 ta kafa.

Na tambayi kuɗin cike wurin da yashi, na ga ya fi ƙarfina. Yanzu sayarwa nake nema. Duk wanda ya kira, da zancen ruwan nake fara masa, kuma har yau babu wanda ya taya ko rabin abin da na biya.