Hannun da Ke Riƙe da Linzami

Sai da na kai shekara 48 a duniya kafin na fara sa ƙafa a likkafa, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. An tura ni aiki kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda aka danƙa mini ikkilisiyoyi huɗu. Biyu daga cikinsu, da zarar damina ta kankama, babur ba ya isa gare su: ga jan laka mai santsi, ga hazo, ga gangaren da ke sa cikin mutum ya ɗuri ruwa. Dattawan ikkilisiya suka ce sai dai doki.

Suka haɗa ni da wani dattijo Bafillace mai babban hurumin kiwo a bayan Gembu, wanda ya kewaye da waya, shanu a gefe guda, dawaki a gefe guda. Baffa nake ce masa, shi kuwa ya ce mini Fasto. Mako biyu cur bai bar ni na hau ba. Ni da na fito makarantar tauhidi da takardar shaida, sai ga ni ina kwashe kashin doki, ina zuba dusa da kanwa. Ya koya mini in tunkari doki ta kafaɗarsa ta hagu, in yi masa magana kafin in taɓa shi, domin ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, abin da bai gani ba kuwa harbi yake kai masa. Da na fara hawa na sha ƙasa sau uku. Wannan ba abin ba da labari ba ne. Kowa ya hau ya faɗi.

Bayan shekara guda, da hannuna ya ɗan faɗa, Baffa ya ba ni wani dukushi akawal mai shekara uku, ya ce in hora shi a gabansa. Aikin a hankali ake yinsa. Da fari ragama kawai, ka ja shi ya bi ka. Sai ka ɗora masa tsumma a baya, ka cire, ka sake ɗorawa, har ya daina zabura. Sa'an nan sirdi, da majayi a sassauce. Linzami shi ne na ƙarshe, domin bakin doki wuri ne mai taushi ƙwarai, ƙarfen kuwa a kan dasashi yake zama, inda babu haƙori.

Ranar da na sa masa linzami, na ja don ya sunkuyar da kai. Ya ƙi. Na ƙara ja. Ya ɗan sauko, amma ban gamsu ba, na ci gaba da riƙewa don ya san wane ne maigida. Sai ya ɗaga ƙafafun gaba sama, ya fizge, na ga jini a gefen bakinsa. Baffa ya karɓi igiyar daga hannuna, ya ce, “Fasto, ka iya ja. Yaushe za ka koyi saki? Ya ba ka abin da ka nema, ba ka gani ba.” Ya bayyana mini cewa doki yana gane ya yi daidai ne a lokacin da aka sassauta masa. In ya sauko ko da faɗin yatsa ne, nan take ka saki hannu. In ba ka saki ba, sai ya ɗauka biyayya da gardama duk ɗaya ne, bakinsa ya yi tauri, daga nan sai tutsu.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba dokin nake tunani ba. Akwai wani saurayi a ikkilisiyarmu da muka sa a horo saboda laifin da ya yi, laifi na gaske, ba na rage shi. Ya amsa a gaban dattawa, ya yi kuka, ya biya abin da ya ɗauka. Wata takwas yana zama a bencin baya, kowace Asabar yana share majami'a ba wanda ya sa shi. Sau biyu dattawa suka ce a mayar da shi, sau biyu na ce a ƙara jira. Na kira wannan tsare tsarkin ikkilisiya. Gaskiyar ita ce, daɗin riƙon nake ji.

Na san Ibraniyawa sura 12 a kan horon Ubangiji, na sha yin wa'azi da ita. Amma na buɗe wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 2, inda manzon ya ce wa ikkilisiya hukuncin da aka yi wa mai laifin nan ya isa, su gafarta masa su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Na koyar da wannan nassi a aji, ban taɓa jin yana magana da ni ba. Kai ma mai karatu, wataƙila akwai wanda igiyarsa ke hannunka: ɗa, ko mata, ko ƙane da ya nemi gafara tun bara. Ka duba ko ya riga ya sauko ba ka lura ba.

Na makara. Lahadi biyu ke nan saurayin bai zo sujada ba. Na hau tsohon dokin Baffa na tafi ƙauyensu cikin ruwan sama, na same shi yana gyaran shingen gona. Na ce, “Ɗana, na yi maka laifi, na zo neman gafara.” Bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Baba, na ji.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, na juyo.

Dukushin sai da ya yi kusan wata uku kafin ya sake yarda ƙarfe ya shiga bakinsa, kullum kuwa da ragama muke komawa farko. Saurayin ya fi haka daɗewa. Ranar da ya dawo, duk da an riga an sanar a gaban jama'a cewa horonsa ya ƙare, bencin baya ya nufa. Na sauko daga bagade, na je na zauna kusa da shi har aka gama waƙar farko.